Tsohuwar da Ta Ƙi Sauke Labulen Keke

Wata rana...

Kai, wace irin wata rana! Shekaranjiya ne fa, ranar Talata. Na ga haka ake fara irin wannan labarin ne, shi ya sa ni ma na ce wata rana.

Jama'a don Allah kar ku wuce, ku tsaya ku ji.

Yanzun nan muka shigo gida. Ko hijabi ban cire ba na ari wayar Umma. Murna nake, wallahi murna nake kamar in yi ta tsalle.

Bari in bi a hankali.

Ni ce Juwairiyya ta nan Bukuru, 'yar aji biyar a sakandare. A gida Juwai ake ce min.

Yayata, Yaya Luba, ta yi haihuwar fari, ta dawo gidanmu wankan jego. Sunan jaririyar Mardiyya. Ko arba'in ba su yi ba. 'Yar mitsitsiya, in ta kama yatsanka sai ka ji kamar tsuntsu ne ya sauka a kai.

Ku da kuke nan kun san sanyin bana. Ku na nesa kuwa, ba zan iya kwatanta muku ba. Ka taɓa ruwan buta ka ji har haƙorinka.

Mijin Yaya ya kawo mata hita mai ɗumama ɗaki sabuwa fil. To amma babu wuta a layinmu tun makon jiya. Hita tana nan a kan durowa ta zama kayan ado.

Daren Litinin Mardiyya ba ta bar kowa ya runtsa ba. Kuka take, ƙafafunta kamar ƙanƙara.

Da gari ya waye, Umma ta gama yi wa Yaya wanka, sai na ce yau ni zan yi maganin sanyin nan.

Na cika kasko da gawayi. Na yi ta fifita har ya yi jajir, ko ɗigon hayaƙi babu. Na kai ɗakin Yaya na ajiye gefen gado.

Tagar ɗakin akwai gilashi ɗaya da ya fashe. Na samo tsohon zani da leda na cusa, na danne sosai.

Yaya Luba ta ja bargo ta ce, "Allah ya yi miki albarka Juwai. Yau na san ina duniya."

Umma ta ce, "Ja musu ƙofar, su samu su rama barci."

Na ja ƙofa. Na ga iska tana shiga ta ƙasa, sai na naɗe buhu na toshe nan ma.

Na fita makaranta ina jin kaina, wai ni mai dabara.

A bakin titi na tari keke napep. Mutum ɗaya ce a baya, wata tsohuwa mai koren mayafi, da ɗan ƙunshin kayanta a cinya. Ban santa ba, ban taɓa ganinta ba.

Kun san labulen ledar nan da masu keke ke saukewa in ana ruwa ko sanyi? To na ɓangarena a sauke yake. Na ɓangarenta kuwa ta naɗe shi sama, ta riƙe gam da hannu.

Iska tana ta dukanmu.

Mai keken ya waiwayo ya ce, "Mama, a taimaka a saki labulen nan mana. Kunnena ya daina aiki."

Ta ce, "Dama can yana aiki ne? Tun ɗazu nake ce maka ka rage gudu."

Na yi dariya, amma haƙorana suna haɗuwa. Na ce, "Kaka, don Allah. Wallahi sanyin nan zai kashe mu."

Sai ta juyo ta kalle ni.

Irin kallon da ya sa dariyar ta maƙale min.

Ta ce, "'Yar nan, da suwaita biyu da safa kike cewa sanyi zai kashe ki? Ni na san sanyi. Kuma ba shi ya kashe min kowa ba."

Daidai nan muka shiga cunkoso, wata babbar mota ta lalace ta tare hanya. Mai keke ya kashe inji. Ba gaba ba baya.

Ita kuma ta fara magana, ba ma ni take kallo ba, titi take kallo.

Ta ce a barikin kuza aka haife ta, can cikin duwatsu. Babanta haƙar kuza yake, innarta tana wanke ta a rafi.

Ta ce sanyin lokacin, in ka fito da sassafe sai ka ga ciyawa ta yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Ruwan randa ya yi ɓawo a sama, sai an sa moɗa an fasa.

Babu suwaita. Babu bargo. Buhun algarara ake yanke wa wuya da hannu, yaro ya zura, shi ke nan rigar sanyi.

Ta ce, "Ƙafafunmu duk faso, har jini. In Inna ta shafa mana man kaɗe ta kara mu a wuta, ihunmu har maƙwabta. Ƙaurinmu kuwa duk ya yi dabbare-dabbare don zaman jin ɗumi. In ka ga yaro mai ƙafa sumul, to baƙo ne."

Ta ce in wutar gida ta mutu, ita ake aika maƙwabta da tsingaro ta ɗebo garwashi, tana gudu tana hurawa kar ya mutu a hanya. Kuma ko gaba ake da gida, ba a hana wuta. Sai dai a ba ka ba a kalle ka ba.

Innarta in ta dawo daga rafi, yatsunta ba sa lanƙwasuwa. Sai ta cusa su a hammatar yara kafin ta iya riƙe muciya.

Mai keke ya ce, "Subhanallahi. To a ina kuke kwana?"

Ta ce, "A bukka mai jinka. Mu duka, har akuya. A hura itace a tsakiya, hayaƙi ya bi ta ciyawar sama ya fita. Mu kwana tari, ido jajir, mu tashi muna warin ƙauri. Amma muna tashi."

Ta maimaita. "Muna tashi."

Sai wata shekara babanta ya gina ɗaki. Na ƙasa, da rufin kwano, da ƙyauren katako. Ya yaɓe ko'ina, ko ramin tururuwa bai bari ba. Duk barikin aka zo kallo.

Ta ce, "Baba yana ta washe baki yana cewa, wannan ɗakin iska sai dai ta yi sallama daga waje."

Da sanyi ya kankama, sai ya ce shi da Inna za su ci gaba da kwana a bukka. Sabon ɗaki na yara ne. Su manya sun saba.

Kuma don kar sabon kwano ya yi baƙi da hayaƙi, bai hura itace ba. Gawayi ya samo musu.

Su huɗu ne yaran. Yayanta Tanko, yayarta Delu, ita, sai autansu da bai daɗe da fara tafiya ba. Har da kaza mai 'ya'ya aka shigo da ita aka kife da kwando, kar sanyi ya kashe tsakin.

Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Ni kuma amalala ce. Fitsarin kwance. Don haka ba a yarda in kwanta a tsakiya. Wurina bakin ƙofa, kan buhu, ni kaɗai."

Ta ce a ƙasan ƙyauren akwai 'yar kafa, iska tana shigowa ta nan tana sukar fuskarta. Su uku suna can jikin kasko sun dunƙule wuri ɗaya.

Ta yi ta roƙo. "Yaya Delu, ki bar ni in matso, yau ba zan yi ba."

Delu ta ce, "Haka kika ce jiya. Ki matso ki jiƙa mu? Kwanta can, sarauniyar rafi."

Tanko ya yi dariya. Ita kuma ta yi kuka har barci ya ɗauke ta, hancinta a jikin kafar ƙofa.

"Maganar ƙarshe da na ji daga bakin Delu ke nan."

Wallahi ko hon ɗin motoci na daina ji.

Ta ce da gari ya waye ta farka kanta kamar ana sara da gatari. Ta yunƙura ta faɗi. Ta yi amai. Ta rarrafa wurin Tanko ta girgiza shi.

Shiru.

Ta ja ƙafar Delu.

Shiru.

Autan yana rungume a ƙirjin Delu, yatsansa a baki.

Ta ce, "Ba su yi kama da matattu ba, 'yar nan. Fuskarsu tas, kamar masu mafarki mai daɗi. Jikinsu da ɗumi. Har Inna ta shigo tana faɗa wai rana ta fito ba a ɗebo ruwa ba."

Aka ɗaga kwando. Kaza da 'ya'yanta duk sun miƙe.

Ranar gawa uku aka fitar daga sabon ɗaki.

Mutanen bariki wasu suka ce sanyi ne. Wasu suka ce an yi ginin a kan hanyar iskoki. Aka yi ta turare, aka yi ta sadaka. Innarta kuwa ta yarda sanyi ne, ta dinga cewa da ta ƙara musu gawayi da ba su tafi ba.

Kakarta ce da ta zo gaisuwa daga ƙauye ta shiga ɗakin, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta fito ta ce, "Wane irin sanyi ne zai ɗauki na jikin wuta ya bar ta bakin ƙofa? Ba sanyi ba ne. Gawayi ne ya cinye musu numfashi."

Tsohuwar ta ce babanta bai ƙara kwana a ƙarƙashin kwano ba har ya bar duniya. Da hannunsa ya cire ƙyauren ya faskara.

"Ni kuma ga ni. Fitsarin kwance ya tsirar da ni. Tun ranar ba na zama inda aka rufe ruf. Jikokina suna ce min Kaka mai taga. Su faɗa. Gara in ji sanyi in san ina da rai."

Jama'a, kun san wani abu?

Har zuwa nan ban gane ba.

Wallahi ban gane ba. Ina zaune ina share hawaye, ina jin tausayin Delu, raina yana can barikin kuza. Ko kaɗan ban tuna gidanmu ba.

Da na ɗaga hannu zan goge ido, sai tsohuwar ta cafke wuyan hannuna. Ta juya tafin. Duk faratana baƙi.

Ta ce, "Wannan gawayi ne?"

Na ce, "E, Kaka. Na hura wa yayata mai jego."

"A tsakar gida?"

"A ɗaki."

"Taga fa?"

Na ce, "Na toshe."

"Ƙofa?"

"Har da buhu."

Ta sake ni ta ce, "Sauka. Kar ki yi kuka, kar ki yi sallama. Gudu."

Ban san yadda na dira ba.

Mai keke yana ƙoƙarin juyawa, babu hanya, motoci sun kulle ko'ina. Na ji yana ƙwala min, "Bi ta lungu, ƙanwata, ta lungu!"

Na bar jakata a keken. Takalmi ɗaya ya fice a bakin kwata, ban waiwaya ba. Ina gudu ina cewa ya Allah, ya Allah, ba wata addu'a da ta zo min sai wannan. Fuskar autan nan mai yatsa a baki kawai nake gani, alhali ban taɓa ganinsa ba.

Na faɗa gida.

Umma tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne daidai ƙofar ɗakin Yaya, tana tsince shinkafa. Gadi take, kar yaran maƙwabta su yi hayaniya.

Ta ɗora yatsa a baki ta ce, "Shhh! Ke lafiya? Sun samu barci, ko motsi ba su yi ba tun fitarki."

Ko motsi ba su yi ba.

Ni da ban taɓa tsallake maganar Umma ba, ranar tsallake ta na yi ita da farantin shinkafarta. Na fizge buhun, na banka ƙofar.

Ɗumi ya bugi fuskata. Ɗaki lum, shiru, ba hayaƙi, ba wari, ba komai. Garwashi yana ta ƙyalli abinsa.

Yaya Luba tana kwance yadda na bar ta.

Na ce, "Yaya!"

Shiru.

Na girgiza ta. Ta buɗe ido kaɗan, ya koma. Hannunta ya zame daga gado ya yi lilo.

Na sunkuci Mardiyya. Laƙwas, kamar tsumma. Jikinta da ɗumi.

Da ɗumi, jama'a. Kamar yadda tsohuwar ta faɗa.

Na fito da ita tsakar gida ina ihu, "Umma gawayin ne! Ki jawo Yaya waje! Gawayin ne!"

Umma ta shiga ta kamo Yaya ta hammata, ta ja ta har waje, zani yana jan ƙasa. Da Yaya ta shaƙi iska sai ta fara kakarin amai.

Mardiyya kuwa shiru.

Na kware mata shawul. Na cire hular. Sanyin nan da muka kwana muna ɓoye ta daga gare shi, shi na miƙa ta gare shi da hannuna. Ina hura mata fuska, ina murza tafin ƙafarta, ina cewa Mardiyya yi kuka, don Allah yi kuka, ki hana mu barci shekara guda ma na yarda.

Maƙwabcinmu Malam Sabi'u ya ji ihu ya fito da mota. Muka zuba a ciki, gilasai duk a sauke.

Muna hawa titi, a cinyata, sai na ji ta yi wani ɗan tari.

Sai ta tsuke fuska.

Sai ta tsala kuka!

Wayyo Allah! Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Umma ta fashe da kuka, ni ina dariya ina kuka, Malam Sabi'u yana ta kabbara yana dukan sitiyari.

A asibiti aka sa musu robar iska a hanci su biyu. Kwana biyu muna can. Likita ta ce gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, sai dai mutum ya ji barci mai daɗi. Ta ce da an ƙara ɗan lokaci da wani zancen ake. Ta kuma ce a dinga kawo Mardiyya ana duba ta.

Yau aka sallame su!

Ga su can a ɗaki yanzu haka. Yaya tana shan kunun kanwa tana ƙorafin ciwon kai, Mardiyya tana tsotso kamar ba ita ba. An rufe ta da bargo biyu, uwarta ta manna ta a ƙirji, taga kuma a buɗe.

Umma ba ta ce min komai ba a kan shinkafar da na zubar. Ni ma ba wanda ya ce min ke kika toshe. Amma muna shigowa na ga Umma ta ɗauki tsohon zanin nan da buhun ta kai bayan gida ta cinna musu ashana. Ta daɗe a tsaye a wurin.

Jiya da yamma mai keken ya kawo jakata, ya bi sunan makaranta a jikin bajo har aka nuna masa gidanmu. Kafin ya gaishe da kowa ya ce, "Suna da rai?"

Ƙanina da muka bari a gida ya ce e.

Mai keken ya ce tsohuwar ta ƙi sauka a inda za ta, ta zauna a keken tana ta jan carbi, sai da ƙyar ta sauka a wajen kasuwa. Bai san sunanta ba. Bai san gidanta ba. Ya ce abin da ta faɗa kawai da za ta tafi shi ne, "Allah ya sa ƙafarta ta fi tawa sauri. Ni rarrafe na yi."

Kun ga ke nan har yanzu ba ta sani ba.

Tana can wani wuri, taga a buɗe, tana jin sanyi, ba ta san ko na isa ko ban isa ba.

Wannan ne kaɗai ya rage min a rai.

Darasi:

Mu duka ba mugunta muka yi ba. Baban tsohuwar ƙauna ce ta sa ya ba 'ya'yansa ɗaki mai ɗumi. Ni ƙauna ce ta sa na cusa zani a taga. Umma ƙauna ce ta zaunar da ita gadin ƙofa. Ƙauna in ba sani, kabari take haƙawa tana murmushi.

Kar ku kwana da gawayi a ɗaki, ko da rana ne, ko ba ya hayaƙi. Wanda ba ya hayaƙin ma shi ya fi yaudara. Ku ji ɗuminku a waje ko a inda iska ke ratsawa, in za a kwanta a fitar da kasko. Ku ƙara bargo, ku ƙara safa, ku bar wa iska hanya.

Kuma in tsoho ya ƙi abin da kowa ke so, kafin ku ce rigima ce, ku tambaye shi me ya gani.

Don Allah ku tura wannan ga duk gidan da kuka san akwai kasko, musamman inda ake jego. Ku tura rukunin danginku, na makarantarku, na unguwarku, kar ku bari sai gobe, sanyin daren yau ma ya isa.

In kuma a cikinku akwai jikan wata tsohuwa mai koren mayafi da ake tsokana da Kaka mai taga, ku karanta mata wannan da ƙarfi.

Ku ce mata na isa.

Ku ce mata Mardiyya ta yi kuka.